Ranar da Mer Ya Ce a Ƙwace Mishi Tarakta

Tsohon ya shimfiɗa buzunsa daidai gaban tayar tarakta, ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya ciro carbi. Ni ina sama, inji yana kuka, garma tana cikin ƙasa. Ta gabas hayaƙi ya tashi ya rufe rabin sama. Bayana Fulanin Arɗo Jaɓɓi suna ihu suna ɗaga sanduna: "Direba, taka! In ya ga da gaske kake, zai tashi!" Gabana kuma, bayan tsohon, mutanen garinsa sun jeru da gatura. Sai wani saurayi cikinsu ya ɗago kai ya dube ni ya ce, "Taka mu gani."

In aka ce in manta da ranakun aikina duka in bar guda ɗaya, wannan zan bari. Ku da kuka shigo tuƙin meri kwanan nan kuna ta tambayata yadda aka yi, kowa da irin abin da ya ji. To ga shi daga bakina.

Ni ne Isufu, nan Gure aka haife ni. Lakwal, makarantar boko, ban daɗe ba, ina sizyem, ajin farko na sakandare, na gudu, don zama wuri ɗaya bai taɓa karɓata ba. Na yi kabu-kabu, na yi karen mota kan hanyar Difa, na je haƙar zinariya can arewa na dawo da tari da takalmi ƙafa ɗaya. A wurin wani ɗan kwangila na koyi tarakta, daga nan aka ɗauke ni aiki a wata komin ta karkara cikin yankin Gure. Ba zan faɗi sunanta ba, don maganar iyaka ce, kuma har yau ba ta mutu ba.

Ga wanda ba na nan ba ne: komin gari ne da ƙauyukansa da rugagensa. A lokacin da nake ba ku labari, mutane su ke zaɓar konseye, wato kansiloli, konseye su zaɓi magajin gari cikinsu, shi muke ce wa Mer. Ofishinsa shi ne meri. Prefe kuwa ba a zaɓensa, daga Yamai ake turo shi, shi ne idon gwamnatin ƙasa a kan komin ɗin yankin duka. Ni ban karanta kundin tsarin mulki ba, a bakin Mer ɗinmu na ji yadda aka raba musu, don shi in ya shiga mota ba ya shiru. Ya ce abin gida, kasuwa da rijiya da gyaran aji da kayan aikin meri, na konseye ne. Prefe ba zai ce musu ku yi ko ku bari ba, nasa ya duba ko abin da suka yanke ya taka dokar ƙasa. Amma tsaro, da zaman lafiya, da duk abin da ya fi ƙarfin komin ɗaya, wannan hannun Prefe yake.

Mer ɗinmu Mushe Kiyari ne (Mushe a nan kamar Malam ne, daga Faransanci), tsohon malamin lakwal, siriri kamar sanda, da tabarau mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare. A kan taraktar nan ba ya jin kira. Shekaru konseye suka yi suna faɗa kafin a samo ta, shi ya sa aka rubuta sunan komin ɗinmu da farin fenti a gefenta biyu, manya-manyan baƙaƙe, wanda bai yi lakwal ba ma ya san namu ne. Akwai ranar da Prefe ya aiko a ba shi aronta a share filin bikin ƙasa. Mer ya ce wa ɗan aike, "Ka gaishe shi da kyau. Ka ce konseye za su zauna." Kafin su zauna an yi biki an watse. Shi ma Prefe akwai lokacin da konseye suka yanke wata magana kan mashigar dabbobi kasuwa, ya maido musu ya ce doka ba ta ba su wannan ba. Mer ya yi kwana da kwanaki yana ƙunƙuni, sannan ya gyara. In sun haɗu Mer yana kiran Prefe "Yamai", shi kuma yana kiransa "Mai Ƙuri'a". Ni wallahi na ɗauka ba sa ga maciji da juna.

Shekarar damina ta yi kyau. Ciyawa ta kai ƙugu, ta bushe tsaye, kuma ku kun sani, shekarar da makiyayi ya fi murna ita ce shekarar da wuta ta fi ci. Aikina bayan kaka shi ne parfe, wato in ja garma in tone ƙasa da faɗi cikin daji, in wuta ta zo ta iske ba ciyawa, ta tsaya. Na ja na wajen kudu, na ja na yamma. Wuri ɗaya ne Mer ya ce kar in taɓa, gabas da Kwarin Barewa.

Kwarin Barewa shi ne babban wurin kiwonmu, shi ke riƙe dabba har bazara. Gabas da shi akwai fili tsakanin wata rijiyar siminti da wani tudu mai aduwa. Mu mun ce ƙasar komin ɗinmu ta kai tudu. Komin ɗin maƙwabta sun ce tasu ta kai rijiya. Lokacin da aka yanka komin-komin, sunayen ƙauyuka aka raba, ba wanda ya je daji ya kafa dutse. Shi ke nan kowa yana kiwo, ba mai tone ƙasa.

Ranar, bayan azahar, wani ɗan Arɗo ya shigo meri a kan raƙumi, ko durƙusar da shi bai yi ba. Ya ce wuta ta taso daga gabas, iska na kora ta, kwarin take nufi. Mer ya ce, "Isufu, hau. Ka ja layi tsakaninta da kwari. Ina bayanka." Motar meri tana gareji, sai ya nemi babur. Ni na riga shi. Kuma wurin da za a ja layin ɗaya ne, wannan filin na rigima. In na koma inda kowa ya yarda ƙasarmu ce, to na bar wa wuta kwarin gaba ɗaya.

Ban yi nisa da jan garma ba Bulama Gaji ya iso da mutanensa. Shi ne mai garin da ke bayan tudu, a ƙarƙashin ɗaya komin ɗin. Shi ne tsohon da ya shimfiɗa buzu.

Na leƙo na ce, "Baba, don Allah, wuta ce fa. Ba ka gani?"

Ya ce, "Na riga ubanka ganin wuta."

"To ka matsa in wuce. Dabbobinku ma nan suke ci."

Ya nuna gefen tarakta da carbi. "Me aka rubuta nan?"

Na faɗa mishi.

Ya ce, "To. Lokacin ubana, wani kwamanda ya sa aka ja layi da garmar shanu, wai a tsare gonaki daga dabba. Aka ce na damina ɗaya ne. Yau je ka tambayi yaranmu, za su ce maka nan ƙasarmu ta ƙare. Wutar nan in ta ci ciyawa, baɗi wata za ta fito. Wannan da kake tonowa da sunanku a jiki, jikokina za su iske shi."

Wani Bafulatani ya yi tsalle ya kama ƙarfen tarakta ya ce in ba zan iya ba in sauka shi ya tuƙa. Na ture hannunsa. Gatura suka motsa ta gaba. Ƙafata a kan burki har ta yi tsami. Da ni kaɗai ne yadda na san kaina, da ban san abin da zan yi ba, don ni mutum ne mai gaggawa. Na hau kan rufin tarakta ina neman rezo, wato sabis ɗin waya, na kira Mer.

Yana kan babur, iska na kaɗa maganarsa. Ya ce, "Kashe inji."

Na ce, "Mushe, wuta fa..."

"Na ce kashe inji. Cire makulli ka sa aljihu. Ko taki ɗaya kar ka ƙara."

Na kashe. Da injin ya yi shiru sai muka fara jin wutar kanta daga nesa, tana ƙara kamar ana soya abu cikin babban kasko.

Mer ya iso fari fat da rairayi. Ya cire takalmi ya durƙusa gaban Bulama, suka gaisa da Barbarci, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar jikoki, mu kuwa muna kallon hayaƙi. Sannan ya ce, "Bulama, ka san ni. Ni na koyar da 'ya'yanka biyu. Na rantse maka gaban jama'ar nan, layin nan ba iyaka ba ne."

Bulama ya ce, "Mushe, kai na yarda da kai. Zaɓe mai zuwa in suka kayar da kai fa? Wanda zai zo shi ma ya koyar da 'ya'yana?"

Mer ya juya ga mutanen Bulama. Ya tambayi ina nasu Mer ɗin. Aka ce yana Damagaram wurin taro, wayarsa a kashe. Arɗo Jaɓɓi ya matso, dattijo ne mai sanyin magana amma ranar idonsa ya yi ja. Ya ce, "Mer, mu muka zaɓe ka. Ka ba yaronka oda ya kewaye tsohon nan ya wuce."

Mer ya ce, "Arɗo, odata tana da inda ta tsaya. Tsohon nan bai zaɓe ni ba, ba ni da magana a kansa. In na wuce ta ƙarfi, yau a kashe wuta, gobe a fara binne mutane."

Sai ya ce in ba shi hannu. Na jawo shi ya hau rufin tarakta da babbar rigarsa, ya ɗaga waya sama. Ina kusa da shi, na ji komai.

"Yamai, kana ina?"

Muryar Prefe ta fito, da Hausarsa irin ta mutanen yamma. "Mai Ƙuri'a, ina hanya da masu gandun daji. Na hango hayaƙi. Taraktar nan taka ta zinariya ta fita yau?"

"Ta fita, an tare ta. Ka yi sauri ka zo ka ƙwace mini ita."

"Ban ji ba."

"Ka ji. Ka zo ka ƙwace ta."

Na kalli Mer baki buɗe. Mutumin da ya hana aron ta na yini ɗaya. Ya sauko yana gyara tabarau, ya ce mini, "Rufe bakinka, toka za ta shiga."

Ba a daɗe ba motoci biyu suka ɓullo ta bayan tudu. Prefe ya sauko, dogo ne baƙi, da kakinsa na aiki. Da shi akwai jandarmomi da ajidan, babban jami'in gandun daji, da mutanensa. Wani jandarma ya dubi tsoho ya dubi hayaƙi ya ce, "Mushe Prefe, mu ɗauke shi a hankali mu aje gefe?" Kuma ku sani, Prefe yana da ikon ya ce e. Wannan aikinsa ne, ba mai tuhumarsa. Ya girgiza kai. Ya ce, "Mai gari ne. Ba a ɗaukar mai gari."

Ya je ya tsugunna. Ba ya jin Barbarci, da Hausa suka yi. Ya saurari labarin garmar shanu tun daga farko, bai katse shi ba, duk da toka ta fara sauka a kafaɗunmu. Da tsoho ya gama, Prefe ya ce, "Baba, ka yi gaskiya. Komin ɗinsu ba ta da hurumin tone wurin nan. Taku ma ba ta da shi. Dajin kiwo a dokar ƙasa ba na komin ba ne, amanar gwamnati ce don duk mai dabba, har wanda ya biyo hanya daga nesa. In gwamnatin ƙasa ce ta ja layi don wuta, za ka ce ta ci muku iyaka?"

Bulama ya ce, "Gwamnati ƙasar duka tata ce, me za ta ci? Amma wannan ba taraktar gwamnati ba ce."

"Yanzu za ta zama."

Ya miƙe ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, Fulani da mutanen Bulama. Ya ce doka ta ba wakilin gwamnati dama, in bala'i ya taso, ya karɓi kayan aikin kowa ya tsare jama'a da su. Sunan abin rekizisiyo. Ya ce, "Ku shaida, na karɓi taraktar nan da direbanta da sunan gwamnatin ƙasa."

Mer ya ce, "Har zuwa yaushe?"

"Mai Ƙuri'a, wuta na zuwa."

"Na sani. Har zuwa yaushe? Ka faɗa gabansu."

Prefe ya ɗan yi murmushi. "Har wuta ta mutu."

"Gazuwal ɗin da za ta sha kuma naka ne."

"Nawa ne."

Na ciro makulli zan tada inji, Mer ya ce a'a, kawo. Na miƙa mishi. Ya miƙa wa Prefe da hannu biyu. Prefe ya juyo ya miƙo mini, ya ce, "Sunanka?" Na ce Isufu. Ya ce, "Isufu, daga yanzu ni ne ubangidanka." Makullin da ya fito daga aljihuna ya zagaya ya dawo aljihuna. Lokacin ni haushi ma abin ya ba ni, na ce manya da wasa, daji na ci. Amma na ga mutanen Bulama sun bi makullin da ido daga hannu zuwa hannu, gatura sun sauka ƙasa.

Tsoho bai tashi ba. Ya sake nuna gefen tarakta. "Sunan yana nan. Wanda ya hango daga nesa bai ji abin da kuka faɗa ba."

Kafin kowa ya yi magana Mer ya naɗe hannun rigarsa. Ya ɗebo ɗanyen kashin shanu a bakin rijiya, ya kwaɓa da ƙasa, ya shafe sunan komin ɗinmu da hannunsa, baƙi bayan baƙi, gefe biyu. Sunan da ya tsaya a kan mai fenti har sau biyu don a gyara. Prefe kuma ya je gaban motarsa ya kwance 'yar tutar ƙasa da ke kafe a wurin, ya ɗaure ta a ƙarfen madubina da igiyar guga.

Bulama ya ce, "Wa zai nuna inda za a bi?"

Prefe ya ce, "Ba kai ba, ba Mer ba. Ajidan na gandun daji zai shiga gaba, shi kuma iska yake bi."

Tsoho ya naɗe buzunsa ya miƙa wa wani. Ya ce, "To ni zan hau in gani." Aka ɗora shi a kan murfin taya kusa da ni, ya damƙi kafaɗata da yatsu kamar ƙarfe.

Kai, ban taɓa tuƙi irin na ranar ba. Ajidan yana gaba cikin mota, yana nuna mini da hannu, ya karkata dama ya karkata hagu, layin bai bi ta rijiya ba bai bi ta tudu ba. Ƙarangiya ta cika mini wando. Zomaye da 'yan tsuntsaye suna ratsa gabanmu a guje. Zafi yana dukan fuskata ta gefe ɗaya har na ji gashin hannuna na ƙauri. Bulama a kunnena: "Ɗan nan, haka ake tuƙi a garinku? Taka mana! Jakata ta fi ka sauri!" Mutumin da ya tsayar da ni, shi ne yanzu yake zagina don ban yi gudu ba. Na ja na kai ƙarshe, na juyo na sake ja don layin ya yi faɗi. Masu gandun daji suka bi gefen gabas suna cinna 'yar wuta daga bakin layi, ta tafi ta tarbi babbar, ta cinye mata abinci.

A wuri ɗaya iska ta ɗauki garwashi ta tsallake. Nan na ga abin da ban zata ba: Fulanin Arɗo da masu gaturan ɗazu kafaɗa da kafaɗa suna dukan wuta da rassan aduwa, Prefe a tsakiyarsu hularsa ta faɗi, Mer kuwa babbar riga ta kama da wuta ta ƙasa, wani jandarma yana bin sa yana kashewa shi bai ma sani ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ba duka muka ceta ba. Lokacin da aka ɓata ana magana, wuta ta riga mu gefen arewa na kwarin, ta cinye shi ƙurmus. Nan ne Arɗo yake aje maruƙansa. Dabba ba ta mutu ba, an kore su, amma ciyawar wurin ta tafi. Sauran kwarin, wanda ya fi yawa, ya tsira.

Rana ta yi ja, ajidan ya zagaya ya dawo ya ce wa Prefe wuta ta mutu. Muna zaune bakin rijiya muna shan ruwa a guga, kowa baƙi ƙirin, sai ga mataimakin Mer na ɗaya komin ɗin ya iso. Ya yi godiya, ya yi jaje. Ya zagaya tarakta yana kallon tutar. Sannan ya ce, "Mushe Prefe, tunda yanzu a hannun gwamnati take, ka bar mana ita 'yan kwanaki. Mu ko parfe ɗaya ba mu ja ba bana. Ka ga abin da ya faru."

Maganarsa gaskiya ce, suna bukata. Na ga Mer ya daina shan ruwa. Tarakta tana hannun Prefe, jandarmomi nasa ne, dalili kuma ga shi an ba shi mai kyau. In ya ce to, ba wanda zai ce ya yi zalunci.

Prefe ya tashi, ya je ya kwance tutar ya naɗe ya sa aljihu. Ya miƙo mini hannu, na ba shi makulli. Ya kai wa Mer da hannu biyu. Sannan ya ce wa mataimakin, "Har wuta ta mutu na ce, kuma ta mutu. Ni yanzu ba ni da tarakta. Ga mai ita nan, roƙe shi."

Mataimakin ya juya wurin Mer. Mer ya share tabarau ya ce, "Konseye za su zauna."

Prefe ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Wannan karon ka sa su zauna kafin a yi bikin." Suka zauna kuwa cikin satin. Aka yarda gazuwal nasu, tarakta tamu, ajidan yana gaba. Ni na ja musu parfe ɗinsu, a gidan Bulama Gaji nake cin tuwo.

Amma Arɗo Jaɓɓi bai yi dariya ba ranar. Da za mu tafi ya tsaya gaban su biyun ya ce, "Kuna miƙa wa juna makulli, ciyawar maruƙana tana ci." Prefe ya sunkuyar da kai. Mer ya ce, "Haka ne, Arɗo. Laifinmu ne, mu da muka bar maganar nan sai da wuta ta zo." Bai kare kansa ba ko da kalma ɗaya. Daga baya konseye suka buɗe wa Arɗo wani wurin kiwo kusa da gari har damina.

Da za mu koma Mer ya bar babur ya hau tare da ni, inda Bulama ya zauna. Na kasa haƙuri na ce, "Mushe, ranar biki ka hana shi, yau kai ka kira shi. Ban gane ba."

Ya ce, "Ranar biki so yake yi, yau bukata ce. In na ba shi duk lokacin da ya so, ranar da ya karɓa da gaske ba wanda zai san bambanci. Bulama ya yarda ne don duk yankin nan an san Prefe ba ya taɓa taraktata." Sannan ya ce, "Kuma da ban san zai maido ba, da ban kira shi ba."

Abin da na ɗauka daga ranar ke nan. Mu direbobin meri kullum muna tsakanin manya biyu, wanda jama'a suka zaɓa da wanda gwamnati ta turo, kuma kowanne yana iya ɗaga maka murya. Kar ka bi wanda ya fi tsawa. Ka san a hannun wa makulli yake a wannan lokacin, wa ya ba shi, kuma har zuwa yaushe. Na yi aiki da manya da yawa bayan su. Masu son karɓa ba su ƙirguwa. Wanda zai ce a karɓe mishi, da wanda zai maido tun ba a tambaye shi ba, su biyun nan kaɗai na gani.

Kafin damina ta zagayo aka yi wa Prefe canjin wurin aiki, aka kai shi can yamma. Bayan ruwa ya zauna na bi ta Kwarin Barewa da babur, don kaina, ba aike ba. Da na dawo na nemi lambar direbansa, Sale, wanda muka saba ranar wutar, na tura mishi saƙon murya na ce ya kunna wa maigidansa. Ga abin da na ce:

"Salamu alaikum, ranka ya daɗe. Isufu ne, mai tarakta na Gure, wanda ka yi wa ubangida na rabin yini. Ina fata an sauka lafiya, ya baƙunta. Yau na je wurin nan. Wallahi na nemi layin da muka ja har na gaji, ciyawa ta rufe shi, ban gane inda yake ba. Gefen arewa da ya ƙone ma ya fito, ya fi ko'ina kore. Shanun Arɗo da awakin garin Bulama duk suna ciki. Na iske Bulama bakin rijiya, ya ce a gaishe ka da kyau, kuma a faɗa maka har yanzu ƙasarsu ta kai rijiya. Mushe Kiyari ya ce a faɗa maka tamu ta kai tudu. Rigimar tana nan daidai inda ka bar ta, ko taki ɗaya ba ta matsa ba. Na ce bari in sanar da kai, don na san za ka ji daɗi. A gaida iyali."